Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Muka Kwashe Ajiyar Makarantarmu Daga Faifai Mai Mutuwa

Kowane gida a zango yana da wurin da ake ɓoye abin da ba a so ya salwanta. Iyayenmu mata suna da adaka, iyayenmu maza suna da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, inda takardar fili da takardar haihuwa da rasidin haraji suke kwance shekara da shekaru, malamai kuwa suna da gafaka. Maƙiyan irin wannan ajiya sanannu ne, wato gara da ɓera da ruwan sama da gobara, kuma galibi ana ganin ɓarnarsu da ido tun ba ta yi nisa ba. Yau kuwa makarantu da asibitoci da ƙungiyoyinmu sun mayar da ajiyarsu cikin kwamfuta, mutane da yawa kuma suna zaton abin da ya shiga kwamfuta ya tsira ke nan har abada. Ba haka abin yake ba. Ita ma tana da tata garar, sai dai ba a ganin cinta sai ta kusa gamawa.

Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare a nan Kumasi, kuma abin da aka koya mana a kwalejin horon malamai shi ne alli da allo da tsara darasi. Amma da yake a makaranta duk wanda ya iya lissafi shi ake miƙa wa duk wani abu mai waya a jiki, sai kula da ɗakin kwamfuta ya faɗo a kaina. A wannan ɗaki akwai wata babbar kwamfuta guda da tsofaffin ɗalibanmu mazauna ƙasashen waje suka aiko mana, wadda sauran kwamfutocin ke ɗebo bayani daga gare ta. Masu sana'ar suna kiranta saba, a Hausa kuma an laƙaba mata uwar-garke, sunan kuwa ya dace da ita, domin in ta kwanta duk garken ya tsaya. Tana aiki ne da manhajar Linux, wadda wani ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a yi amfani da ita.

A cikinta akwai rajistar yara, da makin gwaje-gwajen aji wanda ake haɗawa da sakamakon jarrabawar BECE, da bayanan tsofaffin ɗalibai da kan dawo neman takardar shaida bayan shekara goma ko fiye. Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan tsada a wurina. Shekarun baya ƙungiyar tarihi ta makarantar ta bi dattawan zango gida-gida tana ɗaukar muryoyinsu, suna ba da labarin yadda kakanninsu suka zo ƙasar nan fataucin goro, da yadda aka watse daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892, wasu suka nufi Karaci, wasu Yeji, wasu daga baya suka gangaro Kumasi. Da yawa daga cikin dattawan nan sun riga mu gidan gaskiya. Rajista da maki muna kwafe su a kan filashi kowane ƙarshen wata, amma muryoyin da hotunan tsofaffin takardu sun fi ƙarfin filashin da makaranta ke da shi, saboda haka wuri guda kawai suke a duniya, wato cikin faifan ajiyar wannan uwar-garke.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda faifan nan yake, domin sanin halinsa shi ke nuna yadda za a bi da shi. Wanda ya taɓa ganin garmaho ya ga kamarsa. A cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu da yatsu ba akwai faranti masu sheƙi da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 7,200 a minti guda, wato sau 120 a daƙiƙa ɗaya. A samansu akwai wata allura mai rubutu da karatu, sai dai ita ba ta taɓa farantin kamar ta garmaho, shawagi take yi a kan iska, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta fi silin gashin mutum siranta sau dubbai. An yanka fuskar farantin zuwa ƙananan gurabe, a irin namu kowane gurbi yana ɗaukar bayit 512, kamar haruffa 512 ke nan, abin da bai wuce sakin layi guda na wannan rubutu ba. Faifanmu mai terabayit ɗaya yana da gurabe 1,953,525,168. Kamfanin IBM ne ya fara fito da irin wannan na'ura a 1956, mai faranti 50, kowanne faɗinsa inci 24, kuma duk girman nan haruffa miliyan 5 kawai take ɗauka. An ci gaba ƙwarai tun daga lokacin, amma abu guda bai sake ba: duk abin da ke juyawa dare da rana, wata rana zai gaji.

Namu ya fara nuna gajiya ne a hunturun bara, lokacin da ake shirin yi wa 'yan aji uku rajistar jarrabawa. Da fari malamai suka riƙa kukan cewa fayil yana daɗewa bai buɗe ba. Daga nan wani hoto ya buɗe rabi, sauran rabin toka-toka. Sa'an nan in ɗakin ya yi tsit sai ka ji wani ɗan ƙas-ƙas daga cikin akwatin, ya yi shiru, ya sake. Wannan ƙarar allura ce ke komawa tana neman gurbin da ta kasa karantawa. A ƙasa irin tamu abin da ke tsufar da faifai da wuri ba ɓoyayye ba ne: zafi, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar kwamfuta, da kuma ɗaukewar wuta ba zato. Wanda ya ga shekarun dumso, musamman 2015, ya san abin da na'urori suka sha.

Akwai wani tsari a cikin kusan kowane faifai da ake kira SMART, wanda faifan ke rubuta lafiyar kansa a ciki, kamar katin awo na asibiti. Da na duba, layi uku ne suka tayar mini da hankali. Layi mai lamba 5 yana ƙirga guraben da suka lalace har faifan ya musanya su da na ajiya, mai lamba 197 yana ƙirga waɗanda ya kasa karantawa yana jiran ya ga ko za su farfaɗo, mai lamba 198 kuma waɗanda suka gagara. A lafiyayyen faifai ana so a ga sifiri a dukansu. Namu ɗaruruwa ne, kuma da na sake dubawa washegari sun ƙaru. A 2007 injiniyoyin kamfanin Google sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan faifai sama da 100,000, inda suka gano cewa faifan da aka kama shi da kuskuren karatu sau ɗaya ya fi wanda ba a kama ba yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Sun kuma gano cewa kashi 36 cikin 100 na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama a wannan kati ba sam. Ashe mu ma sa'a muka yi da namu ya yi kuka kafin ya tafi.

Na je na sami hedimasta na ce masa a ba ni izini in kashe uwar-garke nan take. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka san rajistar jarrabawa saura mako biyu a rufe. Ba za ta iya lallaɓawa ba har mu gama?" Na ce, "Ranka ya daɗe, jakin da ke ɗingishi in an ƙara masa kaya a tsakiyar hanya zai kwanta. Duk karatun da muka sa faifan nan ya yi, muna rage masa kwana ne. Gara mu adana sauran ƙarfinsa don tafiya guda, ta ƙarshe." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Allah ya taimaka. Kwana nawa?" Na ce a ba ni huɗu. Wannan shi ne mataki na farko, kuma shi ne wanda ya fi wuya, domin ba na fasaha ba ne, na haƙuri ne. Mutane da yawa in sun ga alamar ciwo sai su saki manhajar gyara a kan faifan, ita kuwa sai ta bi shi lungu-lungu tana karatu tana rubutu, ta ƙarasa shi. Wasu ma har firji suke sa shi saboda wata tsohuwar almara, alhali raɓar da za ta taru a kan farantin illa ce babba. Ba a gyara a kan majinyacin faifai. Kwashewa ake yi tukuna, a yi gyaran a kan kwafin.

Na kira wani tsohon ɗalibina wanda yanzu sana'arsa ke nan, muka tafi Adum neman sabon faifai. A nan ma akwai darasi. A wani shago aka miƙo mana guda cikin leda mai sheƙi aka ce sabo ne fil, farashinsa kuma da sauƙi. Yaron nan ya ce, "Ticha, bari mu tambayi faifan da kansa." Ya jona shi a kwamfutarsa ta hannu, ya duba layi mai lamba 9, wanda ke ƙirga awoyin da faifai ya yi yana aiki. Sai ga awa sama da 35,000. Shekara guda awa 8,760 ce, ke nan wannan sabo ya yi shekara huɗu cur yana juyawa a wata ƙasa kafin ya hau jirgin ruwa. Muka yi godiya muka ƙara gaba. Wanda muka saya daga baya mai terabayit biyu ne, kuma dalilin da ya sa muka ɗauki babba shi ne dole sabon ya kai tsohon yawan gurabe ko ya fi shi, in ya gaza ko da gurbi ɗaya ne kwafin ba zai shiga ba. Mun kuma bar shi ya kwana ana gwada shi daga farko har ƙarshe kafin mu amince masa, don ba a gudun gara a faɗa gidan zago.

Hanya biyu ce ake bi wajen kwashe kaya daga faifai zuwa faifai. Ta farko ita ce a bi fayil-fayil a kwafa, kuma akwai manhaja mai kyau ta yin haka, rsync, wadda Andrew Tridgell na Ostareliya da abokin aikinsa suka fitar a 1996. In faifan lafiyarsa ƙalau, kawai ya cika ne ko ya tsufa, wannan hanya ta wadatar, sai dai bayan an gama dole a sake dasa manhajar da ke tayar da kwamfuta, a kuma gyara takardar da ke gaya mata sunan faifan da za ta nema. Amma ga majinyaci tana da haɗari, domin fayiloli a warwatse suke a kan faranti, allura za ta yi ta kai da kawowa, in kuma ta ci karo da mugun gurbi sai ta tsaya tana ta fama da shi alhali lafiyayyun wurare suna jira. Hanya ta biyu ita ce a ɗauki faifan ɗungurungum, gurbi bayan gurbi, ba ruwanka da ko mene ne a ciki. Ita muka bi, tun da rajista da maki muna da kwafinsu na ƙarshen wata, abin da muke tsoro shi ne manyan fayilolin da ba su da na biyu.

Manhajar da muka yi aiki da ita sunanta ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, ta fara fitowa a 2004, ita ma kyauta ce. Hikimarta irin ta manomin da hadari ya taso masa yana da hatsi a shanya: ba ya tsayawa tsince tsakuwa, kwashe mai yawan yake yi ya kai rumbu, in ruwa ya ba shi dama ya dawo ya tsinci na ƙasa. A zagayen farko tana karanta duk inda ke karantuwa cikin sauƙi, in ta ji turjiya sai ta tsallake ta yi gaba. A zagaye na gaba ta dawo ta matso bakin kowane mugun wuri ta gaba da ta baya, ta rage faɗinsa. Daga nan ta bi abin da ya rage gurbi ɗaya-ɗaya, a ƙarshe kuma ta sake gwada waɗanda suka ƙi, sau adadin da ka ce mata. Duk abin da take yi tana rubuta shi a wani ɗan fayil da ake kira taswira: nan an samu, nan ba a samu ba, nan ba a je ba tukuna. Wannan taswira a kan filashi dabam muka ajiye ta, ba kan tsohon faifan ba, ba kuma kan sabon ba.

Kafin mu fara sai da muka tayar da kwamfutar daga wani filashi mai ɗauke da Linux, domin kada ta taɓa tsohon faifan da rubutu ko na harafi ɗaya. Sa'an nan muka zo wurin da hannu ke rawa. Linux ba ta san tsoho da sabo ba, sunaye kawai take ba su, wannan sda wancan sdb, kuma sunayen suna iya musanyawa in an sake tayar da ita. In mutum ya juya su a cikin umarninsa, manhajar za ta kwafi wofin sabon faifan ta shimfiɗa a kan tsohon, ba tambaya ba gargaɗin da zai cece ka, aikin shekaru ya tafi. Saboda haka muka karanta lambar shaidar da ke manne a jikin kowane faifai, na rubuta su a allo da alli, ɗaya na sa masa "tsoho", ɗaya "sabo", muka gwada da abin da kwamfuta ta nuna. Yaron ya karanta umarnin da ƙarfi, na bi shi da ido, na karanta shi ma ya bi ni, kamar masu tilawa. Sai da muka yi haka sau uku kafin ya danna.

A lissafi, in faifai na ba da megabayit 100 a daƙiƙa, terabayit ɗaya zai ƙare cikin daƙiƙa 10,000, wato ƙasa da awa uku. Namu ya ci kwana biyu da wuni. Mun buɗe murfin akwatin muka kafa masa fankar tebur, muka jona komai a batirin riƙon wuta, muka kuma aro janareta daga wani maƙwabci. Awoyin farko abin ya yi ta gudu har muka fara murna, can sai ya iso wani yanki ya koma tafiyar hawainiya, ƙas-ƙas ɗin nan ya dawo, lambobi suka tsaya cik na mintoci. Yaron ya ce, "Ticha, ko mu tsayar mu sake?" Na ce, "A'a ɗana, bar ta, ta san abin da take yi." Ta kuwa tsallake ta ci gaba. A daren farko wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, batiri ya fara kuka, sai muka tsayar da aikin da hannunmu muka kashe komai cikin natsuwa. Da safe da muka tayar, manhajar ta duba taswirarta ta ɗora daga daidai inda ta tsaya. Ba don taswirar nan ba da sai an koma farko, kuma ban tsammanin faifan yana da ƙarfin tafiya biyu.

Ina zaune ina kallon lambobin nan sai na tuna da malaman da suka riƙe mana ilmi kafin zuwan injin buga littafi. In littafi ya tsufa, tawada ta dushe, gara ta ci gefe, almajiri zai zauna ya kwafe shi a sabuwar takarda, kuma amanar aikin ita ce inda bai iya karantawa ba ya bar wurin fari, kada ya cika da son ransa. Ta haka rubuce-rubucen irin su Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya rasu a 1934, suka yi ta yawo hannu-hannu a zangunan ƙasar nan. A shekarun 1960 kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi malamai tana aron littattafansu na Larabci da ajami, ta ɗauki hotonsu, ta mayar wa masu su. Takarda ba ta dawwama, faifai ma haka. Abin da ke sa rubutu ya rayu shi ne a samu mai kwafe shi kafin abin da yake kai ya ruɓe.

Da aikin ya ƙare, taswira ta nuna gurabe 520 ne suka gagara, daga cikin kusan biliyan biyu. Muka cire tsohon faifan muka naɗe shi muka sa a kabad. Wannan ma wajibi ne, domin kwafin ya ɗauko har lambar da kwamfuta ke gane faifan da ita, in an bar su biyu a jone ba za ta san wanne ne nata ba. Sai a lokacin muka saki manhajar gyara a kan kwafin, ta daidaita 'yan abubuwan da suka karkace. Saura tambaya guda: guraben nan 520, kayan wa ke ciki? Ddrescue tana da dabarar gano wannan. Ana sa ta rubuta wata kalma ta musamman a daidai waɗannan wurare a kan kwafin, sa'an nan a bincika wane fayil ne ke ɗauke da kalmar. Gurabe 200 sun faɗa a fili ne inda babu komai. Rajista lafiya, maki lafiya, hotunan takardu lafiya in ban da wanda ya riga ya nuna rabi, shi kuwa da aka sake gwadawa ya karantu. Sauran 320 duk a fayil ɗaya suke, na murya.

Gurbi 320 sau 512 ya ba da bayit 163,840. Irin muryar da muka ɗauka tana cin bayit 16,000 a daƙiƙa, ke nan abin da ya tafi daƙiƙa goma ne da 'yan kai. Muka kunna fayil ɗin. Wani dattijo ne da ya rasu shekara uku da suka wuce, yana lissafa zangunan da ayarin kakansa ya yada daga Kano har Gwanja, yana kiran sunan gari yana faɗin abin da ya faru a can. Yana cikin cewa "daga nan sai madugu ya ce a tsaya a…" sai murya ta yanke, ta yi tsalle, ta dawo yana maganar tsallake wani kogi. Na je na sami babban ɗansa, wanda shi ma yanzu dattijo ne, na kunna masa. Ya saurara har sau biyu, ya share ido, ya ce, "Malam, na sha jin labarin nan a bakinsa tun ina yaro, amma sunan garin nan ya kwanta mini. Da yayata tana da rai, da ta faɗa maka." Na ce, "Baba Alhaji, sauran awa guda da rabi na maganarsa duk suna nan." Ya ce, "To, a ba jikokinsa su ji." Mun bar wurin yadda yake, ba mu haɗa bakin muryar don a ɓoye giɓin ba, mun dai rubuta a takardar bayanin fayil ɗin cewa a minti kaza akwai daƙiƙa goma da suka ɓata.

Muka mayar da sabon faifan cikin uwar-garke, ta tashi kamar ba abin da ya faru, domin kwafin gurbi-gurbi yana tahowa da komai har da manhajar tayarwa. Daga baya muka faɗaɗa rabon faifan ya cinye sauran terabayit ɗin da ke zaune wofi. Na sa kowane malami ya buɗe makin ajinsa ya gwada da littafinsa na hannu, domin ba a cewa aiki ya yi sai mai kaya ya ga kayansa. Aka yi rajistar yara saura kwana shida a rufe.

Tsohon faifan kuwa bai tafi bola ba, kuma ina roƙon mai karatu ya kula da wannan. Faifan da ya gagare ka karantawa ba lalle ne ya gagari wani ba. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga wata jami'a ta Kanada sun sayi tsohon faifai a kasuwa a nan Gana, suka tarar da takardun kwangilar wani kamfanin kayan yaƙi na Amurka a ciki. Namu yana ɗauke da sunayen yara da ranakun haihuwarsu da lambobin iyayensu, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2012, wato doka mai lamba 843, ta ɗora wa duk mai riƙe da irin wannan bayani nauyin tsare shi. Mun ajiye shi wata uku a kulle ko za a buƙaci komawa gare shi, bayan nan muka kwance shi muka huda farantan muka bi su da guduma.

Abin da ya fito daga wannan wahala shi ne kwamitin iyaye da malamai ya amince aka sayi faifai biyu na waje. Akwai wata ƙa'ida da wani mai ɗaukar hoto na Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa, ana ce mata uku-biyu-ɗaya: kowane abu mai muhimmanci ya zama yana da kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma ya kwana a wani gini dabam. Yanzu duk ranar Juma'a ana kwafe komai, faifai ɗaya yana ofis, ɗaya yana gidan hedimasta, ana musanya su. Farkon kowane zangon karatu kuma mukan ɗauko fayil daga cikin kwafin mu buɗe, don ajiyar da ba a taɓa gwada ta ba zato ce kawai. Wani ya ba da shawarar a sa faifai biyu a cikin uwar-garke su riƙa rubuta abu ɗaya a lokaci ɗaya, tsarin da ake kira RAID. Yana da amfani, domin in ɗaya ya mutu aiki ba zai tsaya ba, amma bai maye gurbin kwafi ba: abin da aka goge bisa kuskure ya gogu a duka biyun, ɓarawo ko tsawa ko gobara kuma ba sa zaɓar ɗaya su bar ɗaya. Sabbin faifan nan marasa juyawa da ake kira SSD sun fi sauri kuma sun fi jure girgiza, amma su ma suna mutuwa, sau da yawa ma ba tare da ko ƙas ɗin gargaɗi ba.

Jan hankalina ga 'yan'uwa shi ne, mu da muke zaune nesa da ƙasar kakanninmu, ba wata ma'aikata da aka kafa musamman don ta adana mana labarinmu. Rajistar aure da ke hannun limami, da littafin kuɗin ƙungiya, da jerin sarakunan zango, da muryar kaka da ke cikin wayar jikanta, in ba mu muka riƙe su ba, ba mai riƙe mana. Duk wanda ke da irin wannan a kwamfuta ko a waya, ya tambayi kansa a yau: in na'urar nan ta ƙi tashi gobe da safe, ina na biyunsa yake? In amsar ita ce babu, to kada a jira ƙarshen wata. In kuma ka riga ka fara jin ƙas-ƙas, kashe ta, kada ka bari a yi mata gyara, nemi wanda ya san aikin ya kwashe tukuna. Masu dattawa a gida kuma su ɗauki muryarsu tun suna nan, a tambaye su sunayen garuruwan har sau biyu, a ajiye a wuri uku.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana. Sai wani watan in muna da rabon ganawa. Wassalam.